Samamen dare kan 'yan caca: abin da alƙalin Amurka ya kamata ya tambaya kafin ya sa hannu

A dokar shari'ar laifuka ta tarayyar Amurka, rana tana farawa ne da ƙarfe 6 na safe, ta ƙare da ƙarfe 10 na dare. Ƙa'ida ta 41 ce ta yanke haka, kuma ta ce duk takardar izinin binciken gida da alƙali ya bayar a cikin waɗannan sa'o'i za a zartar da ita, sai fa idan alƙalin ya ga dalili mai ƙarfi ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa a je a wani lokaci daban. Jihohi ma kowace da nata agogon: a Kalifoniya daga 7 na safe zuwa 10 na dare, a New York daga 6 zuwa 9, a Minnesota kuwa ƙarfe 8 na dare ake rufe ƙofa. Ke nan ɗan sanda mai son shiga gidan mutum da tsakar dare yana da hujja biyu da zai kawo. Ta farko ita ce ƙwaƙƙwaran zato cewa kayan laifi na cikin gidan, kamar yadda gyara na 4 na kundin tsarin mulki ya shar'anta. Ta biyu ita ce me ya hana a jira gari ya waye.

A ganina, a binciken caca hujja ta biyun nan ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jami'i zai rubuta a takardar rantsuwarsa cewa caca harkar dare ce, kuma 'yan caca sun saba lalata shaida, sai alƙali ya sa hannu. Maganar tana da gaskiya a cikinta, domin a zamanin da dillalan cacar wasanni da ta lamba suke rubuta sunayen masu zuba kuɗi a takarda, akwai masu amfani da wata irin takarda da ke cinyewa ƙurmus da zarar wutar sigari ta taɓa ta, da wata mai narkewa idan an jefa ta cikin bokitin ruwa. To amma wannan hujja ce ta a zo ba zato ba tsammani. Takardar da ke ƙonewa da ƙarfe 2 na dare haka za ta ƙone da ƙarfe 2 na rana.

Majalisar dokokin Amurka ta san yadda ake buɗe ƙofar dare idan ta ga dama. A shekarar 1970 ta yi dokar miyagun ƙwayoyi wadda ta ba da damar zartar da takardar bincike a kowane lokaci, dare ko rana, kuma a shari'ar Gooding ta 1974 Kotun Ƙoli ta ce a irin wannan bincike ba a buƙatar wani dalili na musamman na fita da dare, ko da yake Mai Shari'a Thurgood Marshall ya ƙi amincewa, yana ganin kutsen dare ya fi kowane irin kutse muni ga sirrin mutum. A wannan shekarar ta 1970 ce kuma majalisar ta mai da babbar harkar caca laifin tarayya, idan ta saɓa wa dokar jiha, mutum biyar ko fiye ke gudanar da ita, kuma ta haura kwana 30 tana ci ko kuma ta tara dala 2,000 a rana guda. Har sassauci ta yi wa masu bincike, inda ta ce idan mutum biyar sun tafiyar da harkar kwana biyu a jere, to a wajen neman takardar bincike a ɗauka akwai isasshen zaton cewa kuɗin sun kai adadin. Duk da wannan sassauci ba ta taɓa batun lokaci ba. Alƙalin da ya ɗauki kalmar caca kaɗai a matsayin lasisin dare ya ba 'yan sanda abin da majalisa ba ta ba su ba.

Inda maganar take da wuya shi ne wurin da ake nufi, kuma a nan ya kamata a yi wa 'yan sanda adalci. Akwai ɗakin bayan shago ko kulob da ba ya buɗewa sai ƙarfe 11 na dare, inda ake baza karta a tebur, kuɗi a tsakiya, mai gida yana cire nasa kason daga kowane zagaye. Wanda ya je irin wannan wuri da hantsi ba zai tarar da komai ba sai kujeru da tokar sigari, domin kuɗin da mutanen duk sun watse kafin asuba. Idan jami'i ya rantse cewa an sa ido an ga mutane suna shiga a sa'a kaza suna fita a sa'a kaza, kuma ana kwashe kuɗin a jaka kowane dare, to ya kawo dalili, kuma irin dalilin da dokar New York ta ambata ke nan, wato za a kwashe ko a lalata kayan in ba a kama su nan take ba. Gidan kwanan dillali wani abu ne daban. A can akwai mata da yara suna barci, shaidar kuwa littafin lissafi ce, ko kuma a yau wayar salula da kwamfuta da bayanan banki, waɗanda ba sa zuwa ko'ina don dare ya yi. Ƙa'ida ta 41 ta ba jami'i har kwana 14 ya zartar da takarda, saboda haka yana da safiya da yawa da zai zaɓa.

Kotun Ƙoli ta taɓa ƙin irin wannan kuɗin goro a wani batu makusanci. A shari'ar Richards ta 1997 ta yi watsi da matsayin jihar Wisconsin na cewa a duk binciken manyan laifukan ƙwaya 'yan sanda suna iya fasa ƙofa ba tare da ƙwanƙwasawa ba, ta ce kowane gida da nasa dalilin. Haka kuma a shari'ar Spinelli ta 1969, wadda ita kanta ta caca ce, jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, sun bi mutum zuwa wani gida mai wayar tarho biyu a birnin St. Louis, suka haɗa da tsegumin wani da ba su bayyana yadda ya san abin da ya faɗa ba, kotu ta ce wannan bai isa ba. An sassauta wancan ma'auni a 1983, amma har gobe alƙali shi ke da alhakin tambayar jami'i yadda aka yi ya sani.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne caca laifin kuɗi ce, samamen dare kuwa da bindiga ake yin sa, cikin duhu, a kan mutanen da ba su tantance ko ɗan sanda ne ko ɓarawo ba, a ƙasar da makami ke cikin gidaje da yawa. A watan Janairun 2006, a gundumar Fairfax ta jihar Virginia, wani jami'in SWAT, rundunar 'yan sanda ta musamman mai manyan makamai, ya harbe wani likitan ido mai shekara 37 a ƙofar gidansa da daddare, ba ya ɗauke da makami, zargin da ake masa kuwa cacar wasannin ƙwallo ne. Daga baya gundumar ta biya iyalansa dala miliyan 2. Shekara 12 bayan haka, a 2018, Kotun Ƙoli ta soke dokar 1992 da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, yanzu kuma jihohi da dama haraji suke karɓa a kanta.

Raunin ƙa'idar yana wajen hukuncin karya ta. Kotunan tarayya da yawa ba sa zubar da shaidar da aka samo ta samamen dare mara izini, sai an nuna ganganci ko cutarwa, yayin da kotun ƙolin Minnesota ta zubar da irin wannan shaida a 2007, a shari'ar da aka shiga gida mutane na ciki. Matsayin Minnesota ya fi dacewa, domin muddin shaidar za ta tsaya a kotu ko da an karya sharaɗin lokaci, babu abin da zai sa jami'i ya ɓata lokacinsa yana rubuta wa alƙali sa'ar da ake buɗe tebur da sa'ar da ake kwashe kuɗi.