Birni yana faɗaɗa, amma wa zai kai wa ɗan sanda labari?

Duk lokacin da aka yi fashi ko kisa a wata sabuwar unguwa da ke gefen birni, abin da ake fara nema shi ne a ƙaro motocin sintiri da makamai. Ban raina wannan buƙata ba, sai dai ina ganin akwai tambayar da ta riga ta: maƙwabcin da ya ga abin da ya faru ta tagarsa, zai yarda ya taka zuwa ofishin 'yan sanda ya faɗa? Mafi yawan laifuffukan da ake ganowa, ta bakin shaidu da waɗanda abin ya shafa ake gano su. Da ɗan gari akan ci gari, kuma rundunar da jama'a suka rufe wa baki tana aiki ne a cikin duhu, komai yawan kayan aikinta.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma adadin zai kai kashi 68 nan da 2050. Gidaje kan riga hukuma isa wurin da ake sabon gini. Mutane su tare a unguwar da titunanta ba su da suna, gidajenta ba su da lamba, babu fitila da daddare, maƙwabta kuma baƙin juna ne. Ko an kira 'yan sanda a irin wannan wuri, kwatancen gidan kaɗai ya isa ya ba ɓarawo lokacin tserewa. Saboda haka wani ɓangare na tsaro yana hannun masu tsara birni tun kafin a zo kan mai kaki.

Batun sintiri a mota kuwa an taɓa gwada shi. A birnin Kansas na Amurka, tsakanin 1972 da 1973, an ninka sintirin mota a wasu yankuna, an janye shi a wasu, an bar sauran yadda suke, kuma a ƙarshe ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba a yawan laifuka ko a tsoron da mazauna suke ji. Wani bincike da Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka wallafa a 1989 game da Minneapolis ya nuna cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin ne ke haifar da rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda. Ashe ɓarna tana taruwa ne a 'yan lunguna da mahaɗu ƙalilan, kuma mazauna wurin sun fi kowa sanin su. Jami'in da ke wucewa da gilashin motarsa a rufe ba zai taɓa jin wannan bayani ba.

Shi ya sa tsarin Japan ya fi burge ni. Suna da ƙananan ofisoshi da ake kira koban, kimanin 6,000, a cikin unguwanni da bakin tashoshin jirgin ƙasa, inda mutum zai shiga ya tambayi hanya ko ya kai abin da ya tsinta, jami'an kuma sukan zaga gida-gida su gaisa da mazauna. Singafo ta kwaikwayi tsarin a 1983. Ginin ofishin shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ke da wuya shi ne a bar jami'i ya daɗe a wuri guda har ya san fuskoki, domin wanda ake sauya wa wurin aiki kowane 'yan watanni kullum baƙo ne, kuma ba a ba wa baƙo sirri.

Amma duk wannan zai rushe idan mutum ya kai rahoto da safe, da yamma wanda ya kai ƙara ya san sunansa. Haka kuma idan wanda aka yi wa sata sai ya biya kuɗi kafin a buɗe masa fayil, ko shaida ya wayi gari a tsare tare da wanda ake zargi. Taron zumunci tsakanin shugabannin unguwa da manyan jami'ai yana da amfani, amma matashin da aka mara a shingen bincike ba ya cikin zauren, kuma labarinsa ya fi jawabin taron saurin yaɗuwa. Daga nan ne mutane ke komawa ɗaukar doka a hannunsu, a kashe wanda ake zargi kafin a tabbatar da laifinsa.

Gyara yana yiwuwa, ko da yake yana da tsada. A 2004 ƙasar Jojiya ta sallami dubban 'yan sandan kan hanya saboda cin hanci, ta ɗauki sababbi da albashi mafi tsoka. A Ireland ta Arewa an buɗe ofishi mai zaman kansa a 2000 domin binciken ƙorafin jama'a a kan 'yan sanda, saboda an fahimci cewa mutum ba zai kai ƙarar jami'i wurin abokin aikinsa ya yi tsammanin adalci ba. Ya kamata a lura da cewa Jojiya ta haɗa hukunci da ƙarin albashi ne a lokaci guda. Jami'in da ke sayen man motar sintiri daga aljihunsa zai nemi inda zai mayar da kuɗin, kuma a wurin mai ƙara ko direban da ya tare a hanya zai nema.