Gunkin roba ba zai koya wa nas ta ce "Oga dakata" ba

Tun da TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ta fara maganar gina ɗakunan atisayen aikin likita a jami'o'inmu, wato inda za a riƙa koyon aiki a jikin mutum-mutumi kafin a taɓa majinyaci, ba abin da ake zumuɗi a kai sai kayan. Gunkin roba mai numfashi da ƙifta ido, guda nawa za a sayo, wa zai samu kwangilar. Abin nan na ba ni haushi wallahi, sai ka ce duk wanda ya mutu a ɗakin tiyata don likita bai iya riƙe wuƙa ba ne.

A 2005 a Ingila an shiga da wata mata, Elaine Bromiley, mai shekara 37 da 'ya'ya biyu, za a yi mata ɗan aikin hanci. Ana sa ta barci aka kasa zura mata bututun numfashi. Manyan likitoci uku suka duƙufa a kanta, a gwada a sake gwadawa, oksijin ɗin jininta ya faɗi zuwa kashi 40 cikin 100 ya zauna a nan kusan minti 20. Wata nas ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta ce ga su nan, ba wanda ya kula ta. Wata ta kira sashen kulawa ta musamman ta kama gado, da ta dawo ta faɗa aka yi mata wani kallo sai ta janye. Bayan kwana 13 matar ta rasu. Kayan aiki akwai, ƙwarewa akwai, baki ne kawai ya mutu a ɗakin.

Mijinta Martin matuƙin jirgin sama ne, su kuwa matuƙa jirgi sun daɗe da shan wannan darasi. A tsibirin Tenerife na Sifen a 1977, jirgin kamfanin KLM na shirin tashi, injiniyansa ya tambayi kyaftin ko wani jirgin da ke kan titin tashi ya kauce, kyaftin ya ce eh kai tsaye ya ci gaba da gudu, jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka hallaka. Daga baya ne aka fara tara matuƙa cikin jirgin kwaikwayo ana koya wa ƙarami yadda zai taka wa babba birki, babban kuma ya saurara.

To mu fa? Mu da aka raine mu a kan ba a musu da na gaba, ga kunya ga kara, ga kuma tsohuwar tsama tsakanin ƙungiyar likitoci NMA da JOHESU ta sauran ma'aikatan lafiya da kowa ya sani. Ka ɗauki nas 'yar shekara 25 da ta ƙirga auduga ta ga guda ɗaya babu, wataƙila tana cikin majinyaci, ga farfesa ya fara ɗinke ciki yana sauri don wasu na jira a layi. Wane gunki ne zai buɗe mata baki idan ba ta taɓa gwada faɗin wannan magana a gabansa ba?

Masu cewa ai a manna takardar dubawa ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), wato jerin abubuwan da za a tabbatar a kowace tiyata, a bango shi ke nan, su duba Kanada. Gaskiya ne gwajinta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8. Amma da aka tilasta ta a lardin Ontario na Kanadar, binciken 2014 a asibitoci 101 bai ga wani canjin a zo a gani ba. A asibitocin tsofaffin sojojin Amurka kuwa, inda aka rufe ɗakunan tiyata na wuni guda aka horar da likita da nas da mai sa barci tare, mace-macen sun ragu da kashi 18, waɗanda ba a horar ba kashi 7.

Masu cewa a fara kawo wuta da oksijin tukuna, to a kawo mana, wa ya hana, ai inda wuta ke ɗaukewa ana tsakar aiki nan ne aka fi buƙatar mutane su iya magana da juna.

Ni dai a ware wuni guda a wata, a yi atisayen cikin ainihin ɗakin tiyatar ko da da gunki mai araha ne, a ce jini ya ɓalle wa mai haihuwa a ga wa zai yi me, bayan an gama a zauna kowa ya faɗi abin da ya gani. Kuma kwansaltan, wato babban likitan, ya zo da kansa, kar ya turo yaransa.