Wai bawul ai bawul ne

Toh ga shi nan dai. Waɗanda suka ce na cika surutu wata huɗu da suka wuce, da na ce kar a sayi bawul mai araha a masana'antarmu, wato abin nan da ke ƙara ko rage tururin da ke bi ta bututu, kuna ina? Ku fito mana. Kun ce ƙarfe ai ƙarfe ne, fenti ɗaya, girma ɗaya, har da tambari a jiki, don me za a biya ninki uku. To ƙarfen naku ya nuna halinsa da ƙarfe ɗaya da rabi na daren Talata, kuma ba wanda ya sa hannu a takardar sayen aka taso daga barci ba. Ni aka taso. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wajen aikinmu tsuntsun yana gida cikin bargo, mu ne muke jiƙewa.

Na iso na tarar allurar geji, ma'aunin matsin tururi, tana rawa kamar ta ji kalangu, tururi yana tsartuwa ta gefen sandar da ke buɗe bawul ɗin da rufe shi, tsiiii, ɗakin kula suna ce wa bawul buɗe rabi shi kuma ya ƙi motsi, can sai ya fizga ya wuce inda aka ce masa. Muka rufe shi gaba da baya, na kama sitiyarin bawul ɗin baifas, wato na hannu da ke kan hanyar kewaye, da tsumma saboda zafi, ido a kan geji, fresha, wato matsin, ta hau in rage, ta sauka in ƙara, haka har aka kira assalatu. Kafaɗata har yau ba ta dawo daidai ba.

Kun san abin da ya fi ƙona min rai ina tsaye a wajen? Aikin da nake yi shi ne ainihin aikin da wani mutum ya yi sama da shekara 140 da suka wuce, ya gaji, ya zauna ya ƙera abin da zai raba mutane da shi. William Fisher sunansa, ɗan Ingila ne da ya zo Amurka tun yana yaro, ya zama injiniyan gidan ruwa a wani ɗan gari da ake kira Marshalltown a jihar Iowa. Gobara ta tashi a garin, masu kashe wuta suna jan ruwa, shi kuma ya kwana yana murɗa famfunan da tururi ke juyawa da hannunsa don kar ƙarfin ruwan ya faɗi. Daga wannan wahalar ya fito da wata na'ura a 1880 wadda ita da kanta take jin matsin ruwan, in ya sauka ta ƙara wa famfo tururi, in ya hau ta rage. Type 1 suka sa mata suna. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1884. Shi da wani mai aikin injin ƙarfe a garin, George Beebe, suka fara. Shikenan fa asalin kamfanin Fisher mai ƙera bawul, mutum ɗaya da hannunsa ya gaji.

Mu kuma da wayonmu, da digirinmu, da kwamitin saye-sayenmu mai mutum bakwai, mun yi nasarar mayar da masana'anta guda zuwa kafin 1880. Barkanmu da ƙoƙari. A ba mu lambar yabo.

Abin da nake ta faɗa ana min kallon mai neman kamasho shi ne, in ka sayi bawul irin wannan ba nauyin ƙarfe kake biya ba, shekarun kake biya. Sai 1899 ma aka yi wa kamfanin rajista da sunan Fisher Governor Company, shekara 19 kenan suna lallaɓawa. Ɗansa Jasper ya karɓa, jikansa ya karɓa. Man fetur da gas suka bunƙasa a Amurka suka bi su da kaya, tashoshin lantarki suka zo suka bi su. A 1969 wani kamfani, Monsanto, ta haɗe su aka koma Fisher Controls, a 1992 wani kuma, Emerson, ta saye su a kan sama da dala biliyan ɗaya. Kana ganin Emerson gwangwanin ƙarfe ta biya wa wannan kuɗin? Ƙarfe ai ko a wajen 'yan jari-bola akwai shi a kan sikeli. Abin da ta saya shi ne duk kuskuren da aka taɓa yi aka rubuta, duk toshiyar da ta taɓa cinyewa aka gano dalili, duk sifirin da ya taɓa karyewa aka canza haɗinsa.

Don daga waje kam, eh, kamar famfon banɗakinku ne ya yi ƙiba. Amma leƙa ciki. Akwai toshiya da mazauninta da dole su haɗu cif, akwai sanda da ke hawa da sauka cikin abin da ke hana yoyo ba tare da ta maƙale ba, a sama akwai faffaɗar roba da iska ke dannawa, sifirin yana turowa, sannan ga ɗan akwatin da ke karɓar saƙon lantarki daga ɗakin kula, 4 zuwa 20 miliamfa, ya juya shi ya zama iska ya tabbatar sandar ta tsaya daidai inda aka ce. In iska ta ɗauke, sifirin ɗin ne zai yanke hukunci, ko ya rufe ruf ko ya buɗe wangale, kuma wannan hukuncin ne tsakanin a koma gida lafiya da a kwashi mutane zuwa asibiti. Wannan abin ne aka ce a nemo mai araha.

Da gari ya waye muka kwance shi. Mazaunin ya cinye kamar ɓera ya kwana a kai, wata huɗu kacal. Sandar duk ta ƙarje. Tambarin wani babban kamfani aka manna masa, ba zan faɗi wanne ba don su ma zaluntarsu aka yi, muka bibiyi lambar da ke jikin farantin babu ita babu dalilinta. Na gaske kuwa lambar nan ita ce takardar haihuwarsa, ka ba su ita bayan shekara ashirin su faɗa maka irin ƙarfen da ke ciki da girman toshiyar su aiko maka da wata. Shekarun kenan da nake magana.

Na san me za ku ce. Wai ina tallar Bature. Ko sisi ba su ba ni ba, ba su ma san ina duniya ba, kuma in ba ka son Fisher ga Samson na Jamus tun 1907, ga Masoneilan da asalinsa ya koma 1882, su ne ma a shekarun 1940 suka fito da lissafin nan na Cv da kowa ke auna girman bawul da shi har gobe. Zaɓi wanda ka ga dama, in dai yana da uba. Wai ai China ma suna yi. Suna yi mana, har da masu kyau, in ka biya kuɗin mai kyau, amma wanda ya ɓoye sunansa ya ari na wani ya riga ya faɗa maka abin da ya sani game da kayansa. Wai dala ta yi tsada. Eh ta yi, ni ma a ƙasar nake cin abinci. To je ka tambayi akanta nawa aka yi asara kwana biyun da layin aikin masana'anta ya tsaya, sai mu zauna mu yi maganar dala. Araha dai ba ta ado, amma ku kun ce tana yi.

Tsakani da Allah, ba ma asarar ce ta hana ni barci ba. Yaron da ke aikin dare a gefen layin nan bai fi shekara 23 ba, bai daɗe da aure ba, da sandar nan ta saki gaba ɗaya fuskarsa ce a wajen. Tururi mai matsi ba ya ba ka lokacin cewa innalillahi. Wanda ya rage kuɗin ba zai taɓa tsayawa a wajen ba, ko ziyara ya zo daga nesa yake nuni da biro.

Masu cewa mu ma mu ƙera namu, wallahi ina tare da ku, muna da masu aikin injin ƙarfe da hannunsu ya faɗa sosai. Sai dai wanda zai ƙera ya sa sunansa a jiki, ya ajiye rijista, in ya lalace ya zo ya duba ya rubuta me ya faru. Haka su ma suka fara, shekarun ba a sayensu a kanti.

Af, Marshalltown ɗin nan fa har yau mutanenta ba su kai dubu 30 ba, kuma har yanzu ana ƙera bawul a can, a 2010 ma Emerson ta buɗe katafaren wajen gwaji a garin. Kuma Lennox masu na'urar ɗumama ɗaki da sanyaya shi su ma a wannan ɗan garin suka fara a 1895. Ni ban san me suke sha a ruwansu ba.

Sannan wanda ya ɗauki sifana ta mai lamba 24 a daren nan, mai jan tef a gindi, na san shif ɗinka. Ka ajiye min ita wajen mai shayi, ba sai mun haɗu ba.