Bitar otal ba za ta gyara rabin aji ba

Idan kana son sanin darajar ƙananan yara a wata firamare, tambayi hedimasta wa ya ba rabin aji, wato ajin share fage kafin aji ɗaya. A makarantun gwamnati da yawa amsar ba ta wuce malamar da ake ganin ba za ta iya da 'yan aji biyar ko shida ba, ko wadda ta kusa ritaya ana so ta ɗan huta. A makarantun kuɗi na cikin unguwa kuwa, sau da yawa yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran sakamakon JAMB ko jiran ranar aure, aka ce ta riƙe 'yan nazare kafin Allah ya kawo. Yara na kiranta anti, mai makaranta na ba ta abin da ko kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai je ba. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan rabon aiki guda ne: ai raino ne, kowace mace ta iya.

A takarda ba haka abin yake ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta ware shekara guda ta share fage kafin shiga aji ɗaya, ta ce malami ɗaya yara 25. Kwalejojin ilimi da dama suna da sashe na musamman da ke yaye masu NCE a fannin koyar da ƙananan yara. Duk wanda ya taɓa leƙa rabin aji a firamaren gwamnati a Kano ko Gusau ya san nisan da ke tsakanin wancan lissafi na 25 da yaran da ke zube a ƙasa.

Da zarar an yi kukan ingancin malamai, maganin da gwamnati ta fi saurin ɗaukowa shi ne bita. Kuma kuɗin bita akwai su. Kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya doka ta ware wa UBEC, kuma shekara da shekaru kashi 10 cikin 100 na wannan kaso na horar da malamai ne. Ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna tun shekarun 1970 tana wannan aiki. Yadda abin ke gudana kowa ya sani. A tara manyan masu horarwa a Abuja ko babban birnin jiha, su sauko su horar da wasu, waɗannan su horar da wasu, har maganar ta iso ga malamar ƙauye a zauren wata makaranta lokacin hutu. Kwana uku ko biyar, mutum ɗari a ɗaki, majigi idan akwai wuta, jaka, biro, shinkafar rana, alawus, takardar shaida. Ranar Litinin ta koma ajinta ta tarar da yara tamanin da alli guda, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ban ce bita banza ce ba. Malamar da ba ta taɓa jin yadda ake koyar da sautin harufa ba tana buƙatar wanda zai zaunar da ita ya nuna mata. Amma bita tana magana ne a kan aji na cikin littafi. Abin da ke sauya hannun malama shi ne ta ga nata ajin yadda yake, ta gane abin da ya shiga kan yara da abin da ya wuce ta saman kansu, ta gyara, ta sake dubawa. Wannan waiwayen shi ne babu a tsarinmu, kuma babu wanda ke biyan kuɗinsa domin ba a yin bikin buɗe shi.

Ɗauki darasin ƙidaya. Malama ta tsaya a gaban allo da sanda, tana cewa wan, tu, tiri, aji na amsawa har rufin kwano na rawa. Cikin mako uku sun kai ashirin ba gargada. A littafin tsara darasi ta rubuta cewa yara sun iya ƙirga 1 zuwa 20, hedimasta ya sa hannu da jan biro. To, kira yarinya ɗaya 'yar shekara biyar, zuba mata marfin kwalba bakwai a tabarma, ka ce ta ƙirga. Sai ka ji ta ce tara, domin bakinta ya riga yatsanta gudu, ta taɓa marfi ɗaya ta faɗi lamba biyu. Wani yaron zai ƙirga daidai har bakwai, amma ka ce masa "to nawa ke nan?" sai ya sake farawa daga ɗaya, domin bai san cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce jimillar abin da ke gabansa ba. Waɗannan yara waƙa suka haddace. Kuma malamar ba ta yi ƙarya ba, daga inda take tsaye abin da kunnenta ya ji ke nan.

Wanda zai ga wannan shi ne mutumin da ya zauna a bayan aji ba aikin da ke gabansa sai kallon yara. Shi zai lura cewa cikin rabin awa, minti goma ya tafi a "ku yi shiru". Shi zai ga cewa yara shida ne na sahun gaba ke amsa kowace tambaya, sauran suna bin bakinsu. Shi zai hango yaron can lungu da ake ce wa dolo, ya matsa kusa ya ga kunnensa na zubar da ruwa, ashe ba ya ji sosai ne. Bayan an tashi su zauna da malamar minti ashirin: me kika so su koya, me muka ga sun yi, me za ki sauya? Mako mai zuwa ta raba su biyar-biyar, kowane rukuni da tulin marfi ko tsakuwa, duk wanda aka ƙirga a ture shi gefe guda, da Hausa tukuna kafin Turanci. A sake kallo. Wataƙila ya yi, wataƙila hayaniya ta hana, a sake shawara. Iyakar abin ke nan, kuma ba ya buƙatar majigi.

Ba sabon abu ba ne. Malaman Japan sun fi shekara ɗari suna tsara darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, sannan su zauna su feɗe shi. Amma misalin da ya fi kama da halinmu a Ghana yake. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 an yi wani gwaji a makarantu 240, na gwamnati da na kuɗi, a yankin Accra. Aka ba malaman ajin share fage horon kwana biyar a farkon shekara, da ɗan tuni sau biyu daga baya, sannan jami'an ilimi na gunduma suka riƙa shiga azuzuwansu a kai a kai suna kallo suna ba da shawara. Koyarwa ta inganta, yara sun amfana, malamai sun rage jin gajiya da aikin, a makarantun kuɗi ma barin aiki ya ragu. A lura, da bita aka fara, amma ba a tsaya a nan ba.

Akwai wani sashe na gwajin da ya kamata mu daɗe muna tunani a kansa. A wasu makarantun an ƙara da tara iyaye ana nuna musu bidiyo a kan amfanin koyo ta hanyar wasa. Kowa zai zaci nan ne za a fi samun riba. Sai ya zama a nan ne ribar da yara suka samu ta zube. Ni wannan bai ba ni mamaki ba, domin na san iyayenmu, ni ma cikinsu nake. Uban da ya biya kuɗin zango da guminsa so yake ɗansa mai shekara uku ya dawo da littafi cike da rubutu da aikin gida, ya gaishe shi da Turanci. Ya zo ya tarar da yara na wasa da tsakuwa a tabarma, zai ce ba a karatu, zango mai zuwa ya mayar da yaron makarantar da ke kwanar gaba. Mai makaranta ya san haka. Don haka ko anti ta gane cewa hadda ba ta kai yara ko'ina, mai biyanta zai ce ta koma allo da sanda. Wa'azi ba ya sauya ra'ayin irin wannan uba. Abin da nake ganin zai fi tasiri shi ne a zuba wa ɗansa marfi bakwai a gabansa, ya gani da idonsa a farkon zango, ya sake gani a ƙarshe.

Mu ma nan Arewa an taɓa ɗanɗana wannan hanya. Shirin inganta ilimi na ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya yi aiki a Kano, Kaduna da Jigawa da jami'an da ke zagaya makarantu suna tallafa wa malamai. Shirin horar da malamai na TDP ya biyo baya a Jigawa, Katsina da Zamfara kafin ya faɗaɗa. A Bauchi da Sakkwato, shirin da hukumar agaji ta Amurka, USAID, ta tallafa ya kawo littattafan karatun Hausa na 'yan aji ɗaya zuwa uku, tare da masu bibiya da zaman malamai na ƙara wa juna sani. Yawancin wannan aiki a kan firamare ya tsaya, rabin aji bai samu kaso mai yawa ba, amma ya nuna cewa malamanmu suna karɓa idan an zo musu da mutunci. Matsalar ita ce ranar da shiri ya naɗe tabarmarsa, kuɗin man babur ɗin jami'in da ke zagaye shi ke fara ƙafewa. A 2025 Amurka ta rufe USAID ɗungurungum. Wanda ke jiran baƙo ya dawo ya ɗauki wannan nauyi zai daɗe yana jira.

Na san abin da malama za ta ce idan ta karanta wannan, kuma tana da gaskiya. Da yara tamanin, da albashin da ba ya kai tsakiyar wata, da girki na jiranta a gida, yanzu kuma an ce ta zauna ta yi nazarin kanta? Idan aka mayar da abin wani sabon fom da za ta cike ta miƙa wa ofishin sakataren ilimi, wallahi gara a bar shi. Za ta kwafe na makon jiya ta sauya kwanan wata, kamar yadda ake yi wa littafin tsara darasi. Lokacin zaman dole ya fito daga cikin awannin aiki. Sa'a ma ajin ƙananan yara kan tashi da wuri, saboda haka awa guda a mako, ranar Alhamis bayan an sallami yara, ba ta fi ƙarfin jadawali ba. A makarantar da malamar rabin aji ita kaɗai ce, a haɗa ta da ta aji ɗaya, ko da takwarorinta na makarantu uku ko huɗu da ke kusa sau ɗaya a wata.

Sai babbar matsalar, tsoro. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya, aka sallame su. Jarrabawar ta tona wani ciwo na gaske, ba na musun wannan. Amma darasin da malamai a duk Arewa suka ɗauka daga ciki shi ne kada ka kuskura ka nuna wa na sama inda kake da rauni. Malamar da ta ga baƙo da littafi a bayan ajinta, abin da zai fara zuwa ranta shi ne takardar tuhuma. Nan take za ta ɗauko darasin da yara suka riga suka haddace ta sake yi, kowa ya tafa, baƙo ya rubuta "madalla" ya tafi. Waiwaye kuwa ba ya yiwuwa sai mutum ya iya buɗe baki ya ce "yau darasina bai tafi ba". Saboda haka mai ba da shawara daban, sufeto daban. Wanda ke zama da malama don gyara kada rahotonsa ya shiga fayil ɗin ƙarin girma ko ladabtarwa. Idan ma'aikata ba ta da isassun mutanen da za ta raba aikin biyu, to ta bar wa malamai 'yan uwan juna ɓangaren kallo da shawara, ita ta tsaya a kan duba rajista da rufin aji.

Ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, SUBEB, lissafin ba mai wuya ba ne. Abin da ake kashewa a hayar zaure, abinci da jakunkuna na bita guda zai zuba man babura na watanni. A rage kwanakin zaure, a mayar da rarar ga zagaye, kuma a sa ta a kasafi da sunanta don kada ta narke. Hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa tun 1993, tana ɗaure sabunta lasisi da ci gaba da neman horo. Ta ƙirga irin wannan zama na cikin makaranta a matsayin horo, ba sai wanda aka yi a otal aka raba takarda mai tambari ba. Masu NCE a fannin ƙananan yara da aka watsa su aji huɗu da biyar a dawo da su inda aka horar da su, a buɗe musu hanyar ƙarin girma ba tare da sun bar rabin aji ba. A yanzu duk malamar da ta nuna ƙwazo a can, ladanta shi ne a ɗauke ta a kai ta babban aji.

Makarantun kuɗi su ne suka fi wuyar sha'ani, ga shi a birane su ke riƙe da ɗimbin 'yan nazare. Gwamnati ba ta biyan anti, ba ta ma san sunanta ba. Amma ita ke ba da izinin buɗe makaranta, ita ke sabunta shi, kuma ƙungiyoyin masu makarantu suna da rassa har matakin ƙaramar hukuma. Ta nan za a iya gindaya cewa kowace makaranta ta saki malaman ƙananan azuzuwanta rabin yini a wata su haɗu da na maƙwabta, kuma kada a yanke musu ko kwabo a albashi saboda wannan rabin yinin.