Wai ni ne mai mafarki

To, saƙo ya iso, kuma ɗan aiken bai rage komai a hanya ba. An ce jiya bayan la'asar, a wata fada da ke kan hanyar Ɗan Isa, wani ya ajiye kofin shayi ya yi ta ba yara dariya. Wai akwai masu cika ciki da tuwo su kwanta, su yi mafarkin akwatin zaɓe, gari na wayewa su kama kukan dimokuraɗiyya ta mutu. Har da kwaikwayon murya aka ce an yi. Bai kira suna ba, ni ma ba zan kira ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

E, na yi mafarkin, kuma tunda an riga an kai shi kasuwa gara ku ji shi daga bakin mai shi, ba yadda aka yi masa gishiri ba. Ina cikin layi a filin lakkol ɗin unguwarmu, inda muke jefa ƙuri'a tun 1993. Rana ta take, layi ya yi tsawo, ba mai cewa uffan. Na juya in gaida na bayana, sai na ga ba shi da baki, fuskar a shafe take daga hanci har haɓa. Na duba gaba, haka. Layin mata, haka. Da na isa teburi, mai rajista ya bi sunaye da yatsa, ya sami sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai sami nawa ba. Na tsoma yatsa cikin tawada, ya fito fari fes. Akwai wani kuma da yake yawan dawo mini, na rediyon da ke kiɗan soja, in murɗa, in cire batir, yana nan yana yi. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san ma'anar rediyon gwamnati ya katse shiri ya saki wannan kiɗa. Abin da aka mayar abin dariya ke nan.

An ce har fatawa ya ja, wai ai mummunan mafarki ba a faɗa, tofi ake yi hagu sau uku a nemi tsari a juya kwanciya. Gaskiya ne, mun sani tun muna makarantar allo. Amma ban hau mumbari na faɗa ba, a zaurena na faɗa, mu biyu, ga mutumin da muka ci ƙasa tare. Malamin da ya koya maka babin mafarki bai kai da kai babin amana ba? Ko ranar da aka karanta annamimanci kana Jibiya sarin kaya?

Na daɗe ina mamakin yadda wasu ke samun barci mai daɗi haka, sai yanzu na gane. Shi ba ya mafarki, domin bai taɓa kwana da ra'ayin da ya wuni da shi ba. Da me zai yi mafarkin?

Mutanen garin nan ba su da mantuwa. A 2009, lokacin da Baba Tandja, shugaban Nijar na wancan lokaci, ya rusa majalisar dokoki, ya rusa kotun tsarin mulki don ta ce masa a'a, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta, wa muka gani a bayan mota da lasifika yana tazarce, tazarce, har murya ta dishe? Ranar 18 ga Fabrairun 2010 Salu Djibo da sojojinsa suka kawar da Tandja, kafin sallar isha mutumin namu yana cewa ai shi dama ya faɗa, tsohon ya wuce gona da iri. Shekara na zagayowa sai ga shi cikin ruwan hoda tun daga hula har takalmi, ɗan jam'iyyar Tarayya na gidi, ta shugaba Mahamadu Isufu da ake yi wa laƙabi da Zaki, Zaki kaza, Zaki kaza. A 2016 aka yi zaɓe, Hama Amadu na tsare a kurkukun Filinge, ɗan takarar da ya zo na biyu bai taka ko gari ɗaya yawon kamfe ba. Na ce wannan ba daidai ba ne, ko da kuwa ban taɓa zaɓar jam'iyyarsa ta Lumana ba. Me aka ce mini? Wai ni ɗan adawa ne mai baƙin ciki. Ranar 2 ga Afrilun 2021 da Bazum ya karɓi mulki, karo na farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓe ya miƙa wa zaɓaɓɓe, hoton wa aka kafa a shago kusa da kalanda? Ku je ku duba bangon yanzu, ƙusar tana nan, hoton ne ya canja. Tun 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka kifar da Bazum, ba abin da ke fita bakinsa sai takensu na zancen ƙasa ne. Ranka ya daɗe, a da zancen me ne?

Ni abin da ke hana ni barci ba mutum ɗaya ba ne, ba kuma kaki kaɗai ba ne. Soro ba ranar ruwa yake fara faɗuwa ba, gara ce ta riga ta gama da azara. Masu raba atamfa da sabulu da jaka biyu-biyu daren zaɓe sun ci rabonsu. 'Yan majalisar da ke kwana a wata jam'iyya su tashi a wata sun ci nasu. Masu tafi kuma, irin mutumin namu, su suka fi kowa ci, domin su ne ke koya wa kowane mai mulki cewa duk abin da ya yi za a samu masu guɗa. Shi ya sa ranar da abin ya rushe mutane da yawa ba su ji zafi ba, kuma ban ga laifin talakan da bai ga amfanin ƙuri'arsa ba, wanda 'yan bindiga suka kore wa shanu a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Shi yana da hujjar fushi. Kai da ka ci kwangila a kowace gwamnati fa?

Yanzu a lissafa abin da ya rage. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun gari da na jihohi da muka zaɓa a Disamban 2020, aka naɗa masu riƙo. A Yunin shekarar aka gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka dawo da ɗauri kan abin da mutum ya rubuta a waya. RFI tun Agustan 2023 aka rufe ta, BBC ma an dakatar da ita wata uku a Disamban 2024, a garin da tsofaffi ba sa karya kumallo sai da rediyo a kunne. A Maris ɗin 2025 aka rusa jam'iyyu gaba ɗaya, aka ce sojoji za su yi shekara biyar a kan mulki, kuma biyar ɗin ma tana iya miƙewa. Waɗannan ba a mafarki na gan su ba, a labaran gwamnati aka karanta su. In mutum ya ce sun yi masa daidai, ra'ayinsa ne, akwai mutanen kirki da ke ganin haka kuma muna gaisawa, domin jiya ma abin da suke faɗa ke nan. Amma wanda bai taɓa kwana da ra'ayin da ya wuni da shi ba, shi ne zai koya mini kishin ƙasa?

Abin da ya fi ƙona mini rai, an ce da dariya ta lafa sai ya rage murya ya ce irinmu Faransa ke ba kuɗi. Ni? Ni da kayana suka ruɓe a bakin iyaka lokacin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, aka yanke mana kuran, wato wutar lantarki, daga Nijeriya, maganin hawan jinin tsohuwata ya gagare ni saye? Na zagi takunkumin nan a fili, kowa ya ji. Ranar da sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamban 2023 ban zubar da hawaye ko ɗigo ba. Muna 'yan makaranta lokacin da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, jininsu ne ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991, ba Bature ne ya kawo mana ƙuri'a a akwati ba. Kuma ka san sarai abin da irin wannan ƙazafi ke jawo wa mutum a wannan zamani, ka sani ka faɗa, a gaban yaran da ba ka san wa suke kai wa rahoto ba. Wannan ya wuce wasan fada. Allah ya isa, ban yafe ba, kuma kada a turo mini kowa ban haƙuri, ko liman ne.

Masu aiko mini saƙo suna tambayar ko wane ne, ku daina wahalar da kanku, ba zan faɗa ba. Ku dai jira ranar da iska ta sake juyawa, ku ga wanda zai riga kowa zuwa wurin mai ɗinkin hula. Hotunan 2009 da na 2016 da na 2021 duk suna cikin wayata, da kwanan wata a jikinsu, kuma na tura wa ƙanena a Katsina ya ajiye mini kwafi ko da wayar ta ɓata.