Amsata ga Yaya kan wasan 'yan mafiya da muke yi daren Asabar

Makon jiya Yaya ya leƙo shagona bayan isha'i, ya tarar da mu mu biyar a kan tabarma, ga takardu, ga fensir, ga dayis irin na ludo, wani a cikinmu yana cewa, "Ni zan toshe bakin mai gadi, ku ku shiga ta baya." Ya yi jim, ya ce, "Kai, me kunnena yake jiye mini?" Na ce, "Yaya, wasa ne." Ya ce wasan da ake koyon fashi a cikinsa ba wasa ba ne, ya juya abinsa. Ban tanka ba, don ba a ja da babba a gaban baƙi. Amma na san yana duba shafin nan, to ga amsar.

Wasan labari ne na baki, babu waya, babu kwamfuta. Mutum ɗaya yana jan labari, shi ne gari da 'yan sanda da duk wanda za a haɗu da shi a hanya. Sauran kowa yana riƙe da mutum guda da ya ƙirƙira a takarda. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, a jefa dayis, abin da ya fito shi zai nuna ko an dace. Irin wannan wasa ya samo asali ne a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, na dodanni da takubba. A 1982 kamfanin TSR, wanda ya buga wancan wasan, ya fitar da Gangbusters, wanda ya koma zamanin da Amurka ta haramta giya, daga 1920 zuwa 1933, zamanin su Al Capone, uban 'yan mafiya, wato gungun manyan masu laifi, na Chicago. A ciki kana iya zama ɗan fasa-ƙwaurin giya, kana iya zama ɗan sanda ko ɗan jarida.

  

Wanda muke yi sunansa Blades in the Dark, na John Harper, ya fito a 2017. Birnin cikinsa ƙirƙirarre ne, Doskvol, gari mai duhu da fatalwa, mu kuma ƙaramin gungun ɓarayi ne masu neman gindin zama. Abin da Yaya bai tsaya ya gani ba shi ne dokokin wasan. Ka jefa dayis, a ɗauki mafi girma. In shida ce, ka yi nasara. In huɗu ko biyar ce, ka samu abin da kake so amma da wata masifa manne da shi. Daga ɗaya zuwa uku kuwa sai dai haƙuri. Ko dayis biyu ne a hannunka, damar ganin shida ba ta kai ɗaya cikin uku ba. Wato yawancin nasarorinka da ciwo suke zuwa.

Kuma wasan ba ya mantuwa. A takardar kowa akwai gurbi tara na damuwa. Duk lokacin da ka kauce wa wata musiba, sai ka cike wasu. Ranar da suka cika, mutuminka ya samu tabon zuciya wanda ba ya gogewa: ya zama mara tausayi, ko mai zargin kowa. Tabo na huɗu, ya bar harkar ke nan, ka ajiye takardarsa. Gungun ma yana da nasa lissafin: kowane aiki yana jawo idon hukuma, in ya taru sai matakin farautarku ya hau. Hanyar sauko da shi guda ce, sai an ɗaure wani. Ɗayanku, ko abokinku, ko wani da kuka ɗora wa laifin.

Yaya, fim ɗin 'yan daba nawa muka kalla tare da kai a falo? A fim kana zaune ne, jarumi ya yi harbi, kiɗa ya tashi, ka tafi ka kwanta. A tabarmar nan bakinka ne zai furta wanda za a miƙa. Shi ya sa nake ganin in dai ana tsoron abin da ke ƙawata laifi, to allon ya fi cancantar zargi. Mu da muka taso ana ba mu labarin Gizo yana cutar Ƙoƙi da sarki da kura, wa ya zama maƙaryaci saboda tatsuniya?

Ba na cewa duk wasannin haka suke. Akwai teburin da lissafinsa kuɗi da gawa kawai, mai jan labari ya sakar wa yara linzami su yi ta ɓarna babu sakamako. Wannan ni ma ba zan zauna ba. Sannan akwai iyakar da muka gindaya wa kanmu. Wani ya taɓa kawo shawarar mu dawo da labarin cikin unguwa, da daba da ƙwacen waya. Muka ƙi. Ɗaya daga cikinmu har yanzu yana da tabon wuƙa a damtse, kan waya aka yi masa shi. Abin da ke hana maƙwabcinka fita bayan magariba ba abin nishaɗi ba ne. Doskvol tana da nisa, mun bar ta can. Maganar dayis kuwa, na san malamai suna da magana a kai, kuma ban raina ta ba. Ba ma sa ko sisi, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana iya rubuta lambobin a ƙananan takardu a zuba a hula.

Daren da ka leƙo, bayan tafiyarka, farautar ta kai mu bango, dole a ba da mutum. Muna da wani yaro a labarin, ɗan aike, maraya, wanda muka ɗauko daga bakin tashar jirgin ruwa wata uku da suka wuce. Shi ne mafi sauƙin bayarwa, babu wanda zai rasa komai a takardarsa. Aka kaɗa ƙuri'a, uku suka ce a ba da shi. Mai jan labari ya ƙanƙance murya ya ce, "Oga, in na fito, wurina yana nan?"

Babu wanda ya amsa. Abokinmu mai ɗinki, wanda ya fi kowa zaƙewa a ba da yaron, ya ajiye fensir ya ce shi ya fasa, a rubuta sunan mutuminsa. Yanzu haka mutumin nasa yana kurkuku, kuma Asabar mai zuwa za mu ga abin da zaman ya mayar da shi. Akwai wuri a tabarmar, Yaya. Muna neman wanda zai riƙe sufeton 'yan sanda.