Kawu Maƙeri Ya Kama Jita

ƊAN BIRNI: Kawu, lafiya na gan ka da jita a kafaɗa?

MAƘERI: An ce a Turai har biyan mutum ake yi ya yi ƙarar ƙarfe. Mu kuwa kyauta muke yi, ana tsine mana.

ƊAN BIRNI: Kiɗan masana'anta ke nan, wanda Turawa ke kira "industrial". Sunan ya samo asali ne daga Industrial Records, kamfanin faifan da aka kafa a Ingila a 1976. A 1980 kuma wasu samarin birnin Balin na Jamus suka shiga dukan tarkacen ƙarfe a kan dandamali.

MAƘERI: Madalla. Miƙo min guduma.

ƊAN BIRNI: Ajiye ta, Kawu! Kama tsirkiya ta shida, mai kaurin nan, ka sassauta ta daga muryar E zuwa ta D, har muryarta ta dace da ta huɗu amma can ƙasa. Yanzu yatsa ɗaya za ka kwantar a kan masu kauri ukun, ya wadatar.

MAƘERI: Sauran taran fa, fansho? Kai, ji tana lilo kamar igiyar shanya.

ƊAN BIRNI: Sirara aka ɗaura maka, masu lamba 9. In an sassauta, sai a sa masu ɗan kauri, saitin 10 zuwa 52, in ba haka ba kowane bugu sai murya ta kauce. To, ɗora gefen tafinka na dama a kan jaki.

MAƘERI: Jakin yana gida.

ƊAN BIRNI: Jakin jita, inda tsirkiyoyi suka hau! Daidai bakinsa. Ka matso gaba da yawa, sauti ya mutu, sai "fuf". Ka koma baya, ya yi ta amo. "Jug-jug" muke nema.

MAƘERI: (ya murɗe makunnin kaushin sauti na akwatin lasifika har 10) Ka ji maza!

ƊAN BIRNI: Na ji kunu. Mayar da shi 5. Kaushi in ya yi yawa cinye bakin bugun yake yi. Kauri daga ɗaukar sauti sau biyu a kwamfuta yake zuwa: ka buga sau biyu, ɗaya a lasifikar hagu, ɗaya a dama. Kada ka kwafi na farkon, ƙara kawai zai daɗu.

MAƘERI: Wannan zuuu ɗin fa? Zuma ce ta shiga akwatin?

ƊAN BIRNI: Gurnanin lantarki ne. Koma kan maɗaukin sauti mai naɗi biyu da ke kusa da jaki, ka juya wa kwamfutar baya, sannan mu sa maigadi.

MAƘERI: Nawa ne albashinsa?

ƊAN BIRNI: Fedal ne, ƴar na'urar da ake takawa da ƙafa. Da ka daina bugu sai ya rufe ƙofa, tsit. Ka riƙa ɗaga shi a hankali har gurnanin ya ɗauke, ka tsaya nan. Ka wuce wurin, ya fara datse maka wutsiyar sauti. Shirun nan rabin kiɗan ne, don haka hannun hagu ma ya riƙa danne tsirkiya tsakanin bugu.

MAƘERI: A biya ni kuɗin shiru? Lallai Bature.

ƊAN BIRNI: Ga injin ganga, bugu 80 a minti. Kowane bugunsa kai biyu, duka ƙasa, ban da ɗagowa. In ka yi minti biyu ba tuntuɓe, mu ƙara 5, har mu kai 120. Daga wuyan hannu, Kawu, ba daga kafaɗa ba, za ka tsinke...

MAƘERI: Ta tsinke. Laifinsa ne, ya ƙi jira na. Kalangu ai bin mutum yake yi.

ƊAN BIRNI: Wannan ko sarki ba ya jira. Ta ɗaya ce ta tafi, ba ma buƙatarta yau. Ci gaba. Yauwa! Haka! Kada ka yi masa ado!

(Ana ƙwanƙwasa ƙofa.)

YARINYA: Salamu alaikum. Wai in ji Inna, tunda an tayar da injin, a markaɗa mata wake.

ƊAN BIRNI: Kawu, ka iya!

MAƘERI: Rufe min baki. Yarinya, mudu nawa ne?